Tsauri da ƙunci a ƙofar Makka

Saƙon ya shigo wayoyinmu kusan lokaci guda, muna zaune bayan la'asar a ƙofar wani shagon ɗinki a Shara Mansur. Ƙarshen Shawwal ne, zafin Makka ya fara nuna halinsa. Duk mazaunin ƙasar nan ya san irin saƙon: ba Hajji sai da tasrihi, wato takardar izinin hukuma, wanda aka kama tara ce, in baƙo ne kuma a tasa ƙeyarsa gida. Akwai wata dattijuwa mai suyar ƙosai a gefen shagon, duk unguwa Inna muke ce mata. Da ta ga mun duƙufa a kan waya sai ta ce, "Ɗan nan, me kuma suka ce?"

Na ce, "Inna, doka suka ƙara tsaurarawa."

Ba ta ko ɗago ba, tana ta juya ƙosanta. Ta ce, "Tsaurarawa ai ta mai ƙofar shiga ce. A wajenmu ƙuntatawa sunanta."

A goye aka shigo da Inna ƙasar nan, ta hanyar Sudan, zamanin da ake shekaru a hanya ana noma ana ci gaba. Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, Hausarta kuma irin ta da ce, wadda ba ta sha ruwan rediyo ba. Shi ya sa ta kama ni. Mu da muka tashi da sauraron labaran duniya, kalma guda muke da ita ta yi mana komai. An tsaurara matakan tsaro, an tsaurara bincike, an tsaurara dokar biza, an tsaurara sharuɗɗan rance. Kome hukuma ta yi wanda bai yi wa jama'a daɗi ba, an tsaurara. Larabawa ma haka suke da tashdidi, ita ce a jarida, ita ce a bakin askar, ita ce a huɗuba. Daga tushenta aka samo shaddar nan da muka koya a makarantar allo, wadda in ta hau baƙi sai a danne shi a nanata. Mu ma in abu ya wuce tsauri nanata shi muke yi, mu ce tsattsaura, har a sami mai tsattsauran ra'ayi, wanda Balarabe ke kira mutashaddid.

Alhali Hausa ba ta yi mana rowar kalmomi a nan ba. Akwai ƙarfafawa, wadda ba a taɓa kai ƙararta ba: a ƙarfafa gini, a ƙarfafa zumunci, a ƙarfafa wa mutum gwiwa. Akwai tsauri, halin ƙasar da fartanya ba ta shiga da iccen da ba ya tanƙwaruwa. In an tsaurara doka, an hana ta lanƙwasa ke nan, babu alfarma, babu "yi haƙuri ranka ya daɗe". Akwai tauri, wanda yake zaune a jikin mai ƙin ji: nama mai tauri haƙori yake ƙi, ɗan tauri wuƙa yake ƙi, mai taurin kai magana, mai taurin bashi kuwa kowa ya san abin da yake ƙi. Tsanani shi daga ɓangaren mai shan wuya ake auna shi, shi ya sa muke cewa tsananin zafi, tsananin yunwa, ciwo ya tsananta. Sai ƙunci, wanda asalinsa rashin fili ne. Ɗaki ke ƙunci, kabari ke ƙunci, daga nan zuciya da rayuwa suka aro.

Ga wani abu da ban lura da shi ba sai da Inna ta yi maganarta. Ana cewa an tsaurara doka, amma ba wanda zai ce an ƙuntata doka. Sai dai an ƙuntata wa wane. 'Yar ƙaramar "wa" ɗin nan ita ke tilasta maka ka ambaci mutum. Mai cewa an tsaurara yana kallon takarda da shinge, mai cewa an ƙuntata yana kallon wanda ke tsaye a gaban shingen. Ni a ganina duka biyun suna faruwa a Makka a lokaci guda, a kan mutane daban-daban, kuma cakuɗa su da muke yi shi ke hana mu faɗin gaskiya a kan kowanne.

Bari in fara da abin da wasu 'yan uwana ba za su so ji ba. Ina goyon bayan tsaurara dokar tasrihi, kuma ba don tsoron hukuma nake faɗa ba.

A Hajjin 2024 wani ɗan ƙanwar mahaifiyata ya shigo da bizar ziyara. Wani dillali a gida ya karɓi kuɗinsa ya ce masa, "Kai dai ka shiga, sauran na Allah ne." Ya yi makonni a ɓoye a wani ɗaki a Jidda, su goma sha, ba mai leƙa waje. Da lokaci ya yi aka kwaso su da dare, aka sauke su kafin shingen Shumaisi, suka zaga ta cikin duwatsu da ƙafa. Ranar Arfa, Asabar 15 ga Yuni, wajen azahar ya kira ni. Da ƙyar na gane muryarsa. Ya ce yana kwance a ƙarƙashin wata babbar mota da aka ajiye, don nan ne kawai inuwa, silifansa ɗaya ya tsinke tun da hantsi, tafin ƙafarsa ya ɗuri ruwa saboda kwalta. Ya ce, "Yaya, akwai wani tsoho a nan kusa da ni, tun ɗazu nake masa magana ba ya amsawa." Ni ina ɗaki gaban na'urar sanyi, ba abin da zan iya yi masa sai addu'a da cewa ya nemi masu rabon ruwa. Shi dai Allah ya yi da sauran kwanansa. Tsohon kuwa har yau bai san sunansa ba, bai ma san daga wace ƙasa ya zo ba.

Bayan kwana biyu ma'aunin zafi a Harami ya nuna digiri 51.8. Da aka gama Hajjin, ministan lafiya na Saudiyya, Fahd al-Jalajel, ya ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar tasrihi kamar wata takardar haraji ce da aka ƙirƙiro don a tatsi alhazai. A'a, shi ne tantinka mai sanyi a Mina da Arfa, shi ne kujerarka a bas ko a jirgin ƙasan masha'ir mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, shi ne abincinka, shi ne lokacin da aka yanka wa ayarinku na zuwa jifa. Wanda ba shi da shi, tafiyar wajen kilomita ashirin daga Harami zuwa Arfa a ƙafarsa take, da dawowa ta Muzdalifa, kuma in jiri ya ɗebe shi tsoron neman taimako yake, kada a tambaye shi takarda. Mina kwari ce tsakanin duwatsu, ba ta ƙaruwa don mun ƙaru. A 2024 mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas aka lissafa wa wuri. Duk wanda ya shigo bayan lissafin, a kan wani ya hau.

Mu 'yan Najeriya bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan cunkoso ba. A 1990 mutum 1,426 suka mutu a cunkoson hanyar ƙarƙashin dutse ta Mu'aisim, kusa da Mina. A 2015 turmutsutsun Mina ya ci ɗaruruwan mutanenmu, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ake ji da ita, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Mai masauki da ya ga irin wannan a gidansa, in bai tsaurara ba mu ne za mu fara zaginsa da sakaci. Don haka da aka ɗaga tarar daga riyal 10,000 a 2024 zuwa 20,000 a 2025, aka sa har 100,000 ga wanda ya ɗauko ko ya ɓoye marar tasrihi, da kora da haramcin shigowa na shekara goma, ni ban ga zalunci ba. Hukumomi sun ce kafin a fara Hajjin 2025 sun mayar da mutum sama da 269,000 daga ƙofofin Makka. Ka ƙaddara rabinsu kawai sun shiga.

Abin da ke gabanmu a nan tauri ne, kuma namu ne. Sau nawa na ji mutum yana cewa, "To in na mutu a can ai na dace." Wannan magana tana da daɗin faɗa ga wanda bai ji muryar da na ji a waya ba. Allah da ya wajabta Hajji ya gindaya sharaɗi, ga wanda ya sami iko. Wanda bai sami hanya ba, an ɗauke masa, ba ya da laifi ko da ya mutu bai zo ba. Majalisar manyan malaman Saudiyya ma ta fito a 2024 ta ce zuwa Hajji ba tasrihi bai halatta ba, mai yi yana da zunubi. Ko mutum bai gamsu da fatawar ba, ai ya san labarin saniyar Bani Isra'ila tun yana yaro: an ce su yanka saniya kawai, suka yi ta tone-tone, suka tsananta wa kansu, aka tsananta musu. Mutum ya sayar da gonarsa, ya bar iyali ba hatsi, ya zo ya kwanta ƙarƙashin mota don abin da Ubangijinsa ya riga ya yafe masa, wa ya tsananta wa wa?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan uwan nan nawa ba mahaukaci ba ne. Kujerar Hajji ta hukuma a Najeriya ta haura naira miliyan takwas a 2025. A wasu ƙasashen layi ne matsalar, mutum ya yi rajista ya jira shekaru. Mu namu kujeru 95,000 aka ware mana a 2025, ba mu iya cike su ba, don aljihu ya tsuke. Nan dillali ke shigowa da farashin da bai kai rabi ba, da murmushi, da carbi a hannu. Tarar riyal 100,000 ba ta isa inda yake, yana can gida a ofishinsa, ya riga ya ci kuɗinsa. Direban da aka kama a Shumaisi da alhajin bogi su ke kwana a hannu. Bayan abin da ya faru a 2024, Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 ta miƙa shugabanninsu ga masu gabatar da ƙara. Irin tsaurarawar da nake jiran in ji daga gida ke nan, a kan masu sayar da bizar ziyara da sunan Hajji. An ɗaure igiya tamau a nan ƙarshen, can ɗaya ƙarshen kuwa a sake take.

To, duk wannan bai taɓa maganar Inna ba. Inna ba ta zo da bizar ziyara ba, ba ta biya dillali ba, ba ta tsallake shingen kowa ba. Shingen ne ya zo ya same ta.

Tasrihi ta waya ake nemansa yanzu, ta manhajar Nusuk, kuma abin da ake fara tambayar mazaunin ƙasa shi ne lambar igamarsa, wato takardar izinin zama. Mai igama zai iya Hajji sau ɗaya a shekara biyar in yana da kuɗin, wanda a 2024 mafi arha ya ɗan haura riyal 4,000, mafi tsada ya wuce 13,000. Wannan tsauri ne, ga sharaɗi, ga ƙofa, in ka cika ka shiga. Marar igama kuwa ko ya zo da kuɗin a buhu ba inda zai kai su. Kuma ba Hajji kaɗai ba. Layin waya, asusun banki, kwangilar hayar gida, makarantar yaro, duk lambar nan suke nema. A da ana lallaɓawa, don takarda a hannun mutum take, mutum kuwa yana da ido da kunya, yakan ga tsohuwa ya kau da kai. Kwamfuta ba ta san Inna ba.

Masu kiranmu takari da sigar raini, a nan da can gida, ya kamata su san cewa zamanmu a ƙasar nan ya girmi fasfo. Tun kafin Turawa kakanninmu ke bin hanyar gabas da ƙafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a suka kwarara gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wasu suka ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin suka iso Hijaz. Zuriyar waɗanda suka sami takardar zama 'yan ƙasa su ne Hausawi da Fallata da Barnawi da kake gani a ofisoshi da filayen ƙwallo. Osama Hawsawi ne ya riƙe kambun kyaftin na Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Sheikh Umar Fallata ya shekara da shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi a Madina. Tsakanin irin waɗannan gidaje da gidan su Inna sau da yawa babu komai sai takarda ɗaya da wani kaka ya karɓa, wani kakan ya ce shi baƙon Allah ne, gobe zai koma gida, me zai yi da ita. Nan ma akwai namu taurin, ba zan ɓoye ba. Amma kakan ya daɗe a maƙabarta, jikoki ke biya.

Kuma ba duk marar igama ne ya taso haka ba. Wasu da igamarsu lafiya lau suka zauna shekaru, har aka kawo kuɗin da baƙo ke biyan hukuma a kan iyalinsa a Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Yi lissafi da kanka: mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, riyal 2,400 duk wata, 28,800 a shekara, ban da kuɗin sabunta tasa igamar da abin da kafili, ubangidan da ya tsaya masa, zai nema. Tela ko direba a ina zai samo? Mai wurin komawa ya tura iyali gida. Wanda aka haifa a nan, matarsa ma a nan, sai ya zuba ido igamar yara ta mutu, ya wayi gari sunansa mai karya doka ba tare da ya motsa daga ɗakinsa ba. Da aka zo rushe tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara, irin waɗannan mutane su suka fi jin jiki, don sabon gidan haya kwangila yake so, kwangila kuma lamba. An yi afuwa a 2013, an sake yi a 2017, marar takarda ya fita ba tara. Alheri ne ga wanda ya zo jiya. Inna ta fita ta je ina? Garin da uwarta ke ambata, ko hanyarsa ba ta sani ba.

Na san ƙasar mutane ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu ƙasar da za ta so a ce akwai dubban mutane a cikinta da ba ta san sunansu ba, balle garin da duniya ke taruwa a cikinsa duk shekara. Amma wannan hujjar ita ce ma ke goyon bayan Inna. In ana so a san kowa, a rubuta shi. Kuma ba baƙon abu nake roƙo ba, an taɓa yi a garin nan. A 2013, ƙarƙashin gwamnan Makka Yarima Khalid al-Faisal, aka gyara zaman mutanen ƙasar Bama, wato Myanmar, da suka daɗe a nan, aka ba su igamar shekara huɗu kyauta. Doka ba ta yi rauni don haka ba, ƙarfi ma ta ƙara, don wanda aka rubuta shi ake iya nema a samu. Haka maganar muharrami: a 2012 an tsare matan Najeriya wajen dubu a filin jirgin Jidda saboda ba su zo da muharrami ba, aka mayar da da yawa gida, har ƙasashen biyu suka yi 'yar tsama. Daga 2021 aka buɗe wa mata rajistar Hajji ba tare da shi ba. Hannun da ya ɗaure shi ya sassauta, kuma Hajji bai lalace ba. Abin da nake fata shi ne ƙofar da aka buɗe wa mutanen Bama a faɗaɗa ta ga duk wanda aka haifa a nan ko ya tsufa a nan, hukumomin gida kuma su taimaka da tasu takardar, don sai an san kai ɗan ina ne kafin a ba ka izinin zama.

Inna ta ce ba ta san adadin Arfar da ta tsaya ba, ta daina ƙirga tun tana da ƙarfinta. A da da ƙafa suke fita ita da ƙawayenta, da tulun kunu a ka, su yi ibada su yi ciniki. Bana tun shigar Zulƙida ta naɗe kaskonta, ba a sake ganinta a bakin titi ba, don sintiri ya yi yawa. Ranar Arfa a ɗaki ta wuni da azumi, tana kallon dutsen a talabijin. Na ce mata a raina hakan ya fi, shekarunta ba na rana ba ne, kuma har yanzu haka nake gani.

Bayan Sallah da mako biyu ta dawo bakin shagon. Na tsaya sayen ƙosai, sai ta ce, "Ɗan nan, abin nan na waya da ake neman Hajji da shi, buɗe mini in gani." Na buɗe, na miƙa mata. Ta goge hannu a zaninta, ta karɓa, ta nisanta shi da idonta. Na nuna mata inda ake sa lambar, gurbi goma. Ta ce, "In mutum ba shi da ita fa, ina yake dannawa?" Na ce babu wurin. Ta ɗan ƙara dubawa, ta miƙo mini wayar, ta ɗauki matsami ta tsamo ƙosan da ya fara ƙonewa.